Muƙamuƙin Jaki a Wuyan Mika

Tun da Rahila ta hango farar Pijo ta shigo harabar kolej, gabanta ya faɗi.

Mushe Sani ne, konseyen Ingilishi, wanda ake turowa daga Tawa ya zauna a bayan aji ya ga yadda malamai ke koyarwa. Shi ne kuma ɗan fasto, wanda mahaifinta, Baba Yoshuwa, ya ƙwallafa rai sai ta aura. Ta ƙi shi a gida, ta ƙi shi a bakin majami'a, ga shi yau ya biyo ta har cikin kalas.

"Bonjur, Madam," ya ce yana murmushi, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. "Yi aikinki, ki ɗauka ba ni nan."

Ya wuce can baya ya zauna, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

'Yan turwaziyam ne, ajin ƙarshe na kolej, masu jarrabawar fita ta birebe bana, kuma darasin rubutu ne. Matsalarsu ɗaya. Ingilishin da ke kunnensu na tasha ne, wanda suke tsinta a bakin direbobin albasa da 'yan ci-rani masu dawowa daga Najeriya. Shi suke zubawa a kaye, littafinsu na rubutu, masu gyaran jarrabawa kuwa ba su da amsarsa sai jan biro.

Don haka Rahila ta riƙe dabaru biyu.

Ta farko gadonta ta yi daga malaman da suka koyar da ita, wato sambol. Muƙamuƙin jaki ne busasshe, da haƙoransa, an zarga masa igiyar kaba. Duk wanda ya yi Hausa ko Ingilishin tasha a ajinta, a rataya masa. Ba ya fita daga wuya sai mai shi ya kama wani da laifin. Wanda aka buga ƙarfen tashi yana wuyansa, da shi zai ratsa gari har gida. Tun jiya yana wuyan Furera, wata yarinya mai kunya daga Urno, ta kasa kunne kamar mage ko bakin wani zai suɓuce.

Dabara ta biyu ita ta ƙirƙiro abarta, da ita kuma take alfahari. Sunanta Ɗan Legas. Sai ta rubuta magana a tablo cikin Ingilishin tasha, ta yi kamar ta karkace hula, ta buɗe ƙafa, ta karanta da muryar maza. Yara su yi ta dariya har da hawaye. Daga nan ta ja jan layi a kai, kowa ya sake rubuta maganar yadda nahawu ya ce.

Abin da yaran ba su sani ba, Ɗan Legas yana da rai. Sunansa Mika.

Maraya ne, a unguwarsu ta Kirista ya tashi. Lakwal ta ƙare masa tun a firamare, ya tafi Legas ya yi dako, ya koyi gyaran babur, ya dawo da nasa. Yanzu yana da rumfa a tashar Madawa, yana gyara yana kabu-kabu. Shi Rahila ke so. Sai da ta yi kuka har ta rame kafin Baba ya sassauta, ya ce to, kawun yaron, Tsoho, ya zo da goro ranar kasuwa da la'asar a ji ta bakinsa.

In Mika na cikin nishaɗi sai ya juya harshe ya yi mata Ingilishinsa. Ita kuwa ta yi dariya ta adana, washegari maganar ta hau tablo. Ba ta taɓa ganin laifin haka ba. Ai ba ta faɗi suna ba.

Maganar yau ma tasa ce. A gindin bedi ya faɗa mata, ranar da ta kai masa albishir ɗin Baba, idonsa cike da ƙwalla: "A no go lib yu, Rahila." Ba zan bar ki ba. Ta cire sunanta, ta rubuta sauran.

Da ganin konseye ta so ta goge, sai ta hango shi yana karantawa yana gyaɗa kai. Sai ta ƙara ƙaimi. Ta karkace, ta buɗe ƙafa, ta kwaikwayo muryar. Aji ya ɗauka. Har Mushe Sani sai da ya dara. Ta ɗauki ɗan guntun jan allin da ya rage mata, ta tsaga maganar gida biyu.

Daidai nan babur ya tsaya a bakin taga.

Ta san ƙarar. Ko cikin babura ɗari ta san ta.

Mika ya tsaya a bakin ƙofa, sanye da rigarsa ta zuwa sujada, hula a karkace, ƙafa a buɗe, da ɗan kwali a hannu. Sai yanzu ta tuna, ita ta roƙe shi in ya je Ƙonni ya sayo mata jan alli, na lakwal ya ƙare. Bai taɓa shigowa kolej ba. Yau ya ga tunda an kusa kai goro, ba laifi yara su san mijin malamarsu.

Ya dubi ajin, ya washe baki. Ta ga abin da zai yi, kafin ta buɗe baki ta hana shi, ya riga ta.

"Gud monin, mai pipul! Hau una de?"

Yara suka zuba masa ido.

Can baya wata murya ta ce, "Ɗan Legas!"

Sai aji ya fashe. Ana bugun tebur, ana riƙe ciki. Murya ɗaya, tsayuwa ɗaya, har karkacewar hular. Yaran sun gane shi kamar sun shekara tare.

Furera ba ta yi dariya ba. Ita hanyar tsira ta gani. Ta zabura, ta zare igiyar daga wuyanta, ta nufe shi a guje. Mika ya zaci wata tarba ce ta 'yan lakwal. Ya sunkuyar mata da kai da kansa, yana murmushi.

Muƙamuƙin jakin ya sauka a kan rigar sujada, ƙwaras.

Ya dubi abin, ya dubi Rahila. Murmushin na nan, amma ya fara neman wurin tsayawa.

Mushe Sani ya miƙe a hankali yana gyara kwat. Ya san Mika sarai, majami'arsu ɗaya. Amma sai ya tambaya cikin Ingilishi mai santsi, yadda kowane ɗalibi zai ji, "Madam, wane ne wannan? Kin san shi?"

Idanun yara duka suka dawo kanta. Ta ga darajar da ta yi shekaru tana ginawa, ta ga bakin Mushe Sani a ofishin Tawa, ta ga haƙoran jaki a ƙirjin Mika.

"Mai kabu-kabu ne," ta amsa cikin Ingilishi, kanta a ƙasa. "Aikensa na yi."

"Wala, to ga shi," in ji Mushe Sani. "A ba ni izini in yi Hausa, Madam, don baƙo shi gane. Malam, Madam ta ce kai ɗan aike na. Abin ga da ke wuyanka kuwa na masu ɓata Ingilishi na. Doka tata ta. Ba a hidda shi sai ka kama wani da irin laihinka."

Mika bai dube shi ba. Tablo yake kallo. Karatunsa ba shi da sauri, leɓensa na motsi yana haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Rahila ta ga lokacin da ya kai ƙarshe. Ta ga ya bi jan layin da ido, daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya tako a hankali ya ajiye kwalin a kan teburinta.

"Ga allinki, Madam. Ja, awa yadda kinka ce."

"Mika..."

"Ba a hidda shi sai an kama wani, ko? To, na ji doka."

Ya juya ya fita, ƙashin na bugun ƙirjinsa. Babur ya tashi.

Yadda ta ƙarasa darasin, Rahila ba ta sani ba. Abin da ta iya tunawa, Mushe Sani ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Tire biyan, Madam. Ban taɓa ganin darasin da yat tahi daidai haka ba."

*

Ta zaci zai jefar da shi a hanya. Bai jefar ba.

Da shi yake gyaran babur, da shi yake ɗaukar fasinja zuwa Urno ya dawo, da shi yake shan hura a tasha. Duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya: "Lambar yabo ta, daga kolej anka ba ni." Yara kuwa sun kai labari kowane gida. Mata a bakin famfo in sun ga Rahila sai su yi shiru, in ta wuce su kece.

Baba Yoshuwa ya kira ta zaure. Dattijon ikilisiya ne, ya yi shekaru yana tafinta tsakanin likitocin asibitin mishan da marasa lafiya kafin ya ajiye aiki, kuma ba abin da yake ji da shi kamar Ingilishinsa da na ɗiyarsa.

"Zamna," ya ce. "Tsoho ya zo. Ya ce a yi haƙuri, ba su zuwa."

Ta zube a gabansa.

"Baba, kuskure na yi. Ka bari in..."

"Wane kuskure? Gaskiya kinka hwaɗi. Tun bara nike hwaɗa miki yaron ga ba tsaranki ba na, kina kuka kina ƙin abinci. To ga shi, ba ni na ce ba. An tambaye ki gaban jama'a, bakinki ya amsa."

"Tsoro na ji, Baba."

"Kunya kinka ji. Kuma in kin aure shi haka za ki ta ji, ranar suna, ranar taron malamai, har ranar da ɗiyanki za su gyara ma ubansu magana. Ni ba ni yi miki tilas, ke ba yarinya ba ta. Amma mutanen Sani sun nemi iso. Ranar kasuwa da la'asar za su zo, lokacin da nib ba wancan. In kina da wata magana, ki kawo ta kahin nan."

Hawaye kawai take, suna ɗiga a kan zanenta.

Da magariba ta yi, ta yafa gyale har goshi ta bi ta lungu zuwa tasha. Mika na tattara sifanu cikin akwati. Ƙashin na lilo a wuyansa, igiyar kabar ta goge masa fata har ta yi ja.

"Mika."

Bai ɗago ba. "Ina za a kai ki, Madam? Na tashi aiki."

"Don Allah ka daina ce mini Madam."

"To mi zan ce? Ɗan aike ba shi kiran sunan uwargijiyatai."

Ta durƙusa a gaban akwatin, kuka ya ƙwace mata. "Ka yahe mini. Na rantse ban san lokacin da maganar taf hita ba. Ka hidda abin ga, ina roƙonka. Kullum na ji an ce an gan ka da shi, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige."

"Au, ke ka jin kunya? Ni da ke ɗauke da shi ban ji ba."

"Ka zage ni, ka mare ni in kana so, amma ka hidda shi."

Sai yanzu ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Rahila, cewa da kinka yi ba ki san ni ba, wallahi na iya haɗiye ta. Na ga mutumen ga ya matse ki. Amma maganar da ke bisa allon hwa? Shi yas sa ki rubuta ta?"

Ta kau da kai.

"Kin san inda nis samo ta? A Legas ban da kowa. Da ita munka ci, da ita munka roƙi wurin kwana, da ita nik kare kaina in an tare ni. Ba ta da kyau, na sani. Amma ita gare ni. Na ga ke malamar Ingilishi ta, nac ce bari in ba ki abin da ni ma nike da shi. Ashe ina ba ki, kina kai ma yara su yi dariya. Tun yaushe?"

"Tun... tun farkon shekara."

Ya yi wata dariya mara daɗi. "Har tahiyata sun iya. Jiya wani yaro ya biyo ni yana yi."

"Don su ci jarrabawa na yi, Mika. Ban yi don..."

"To su ci. Allah shi ba su sa'a." Ya rufe akwatin. "Ki dubi kanki. Kin jira rana ta hwaɗi, kin ruhe huska, kin biyo lungu. Da rana tsaka kinka ƙi ni, da duhu kinka zo biko. Har yanzu kunyata kike ji."

Ta kai hannu ga gyalen. Gaskiya ya faɗa.

"Tashi ki tahi gida," ya ce a hankali. "Kar a gan ki da Ɗan Legas."

*

Ranar kasuwa ta zo. Tun hantsi aka share zaure, aka yayyafa ruwa. Rahila na ɗaka a kwance, ido ya kumbura. Mahaifiyarta, Inna Balaraba, ta shigo ɗaukar sababbin tabarmi, ta tsaya a kanta.

"Kukan ya isa haka. Tashi ki wanke huska, baƙi na tahe."

"Inna, ba ni son shi. Mika nike so."

"A ɗaka kike son shi."

Rahila ta ɗago da sauri.

"I, na hwaɗi. So na cikin ɗaka kowa ya iya shi." Inna ta zauna a bakin gado, tabarmin a cinyarta, muryarta ta sauka. "Ni ma ba ni da bakin yi miki hwaɗa. Ranar da kunama tah harbe ni, wa yag goya ni bisa babur har likita? Shi. Ya kwashe shekara yana zuwa ƙohwar gidan ga, yana tsayuwa jikin bango awa mai bara. Ko sau ɗaya na taɓa shimhiɗa mai tabarma? Ban taɓa ba. Ina tsoron ubanki, ina tsoron bakin matan zumunta. To ke a wurin wa kinka koya?"

"Inna, mi zan yi? Na roƙe shi, ya ƙi hidda abin."

"Ni na san dokokinku na lakwal? Ke kinka ɗaura, ke kin san inda bakin igiyar yake."

Ta kwashi tabarminta ta fita.

Rahila ta zauna tana kallon bango. Ba a cire shi sai an kama wani da laifin. Ita ta faɗa wa yara haka da bakinta, ranar farko, tana kaɗa ƙashin a gabansu.

Ta miƙe zumbur.

Ta saka kayanta na zuwa aiki, waɗanda duk Madawa ta san Madam da su. Ta ɗauki gyale, ta dube shi, ta mayar kan gado.

*

Tasha ta cika ta batse. Buhunan albasa jibge har bakin gudron, titin kwalta, 'yan kamasho na kiran Buza da Keita, Fulani da Buzaye na ratsawa da awaki. La'asar ta kusa, rana na nan da zafinta. Rahila ta bi ta tsakiyar hanya, ba ta lungu ba.

"Ga Madam! Ga Madam!"

Ɗalibanta ne, sun zo cin kasuwa. Suka biyo ta. Masu kabu-kabu da ke zaune a kan baburansu suka fara taɓa juna. Kafin ta isa rumfar Mika, mutane sun yi zobe.

Yana tsugune yana ɗaure sarƙar wani babur. Ya ɗago, ya gan ta, sifana ta tsaya a hannunsa.

Ta hango farar Pijo a gaban masu goro, Mushe Sani na tsaye ana saka masa huhu a but. Shi ma ya hango ta. Ya taho da sauri yana ture mutane.

"Madam! Mi kike yi nan? Ki tuna matsayinki, ɗalibanki na kallo."

"Su nike so su gani, Mushe."

Ta juya cikin yaran. "Furera tana nan?"

Yarinyar ta fito daga bayan wata mai tallan ƙuli. "Ga ni, Madam. Don Allah, Madam, ban san..."

"Ba ki yi laihi ba. Hwaɗa ma mutane, mi doka tac ce? Yaya sambol ke hita daga wuyan mutum?"

"Sai... sai ya ji wani ya yi Ingilishin tasha."

"Ko wane ne?"

"Ko wane ne, Madam."

Rahila ta fuskanci Mika. Ba ta karkace ba, ba ta buɗe ƙafa ba, ba ta ari muryar kowa ba. Da muryarta ta faɗa:

"A no go lib yu, Mika."

Wani yaro ya ƙyalƙyale, na kusa da shi ya make shi.

"Ba a ji ba!" wani mai kabu-kabu ya yi ihu daga baya. "Madam, ƙara murya, injin na ƙara!"

Aka yi dariya. Kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa har tsakar ka. Ta runtse ido, ta ɗaga murya yadda take yi in tana so na bayan aji su ji.

"A no go lib yu! Kun ji? Wanga shi na mijin da zan aura. An tambaye ni gaban yara nac ce ɗan aike na. Ƙarya na yi, kunya ta sa ni. Maganar da nir riƙa rubutawa kuna dariya, tashi ta, ni yab ba, nis sace nik kai kalas."

Sai ta sunkuyar da kai a gabansa, kamar yadda ya sunkuyar wa Furera.

Tasha ta yi tsit, sai kukan awaki.

"Rahila, ki yi hankali," in ji Mushe Sani, muryarsa ta canja. "Wagga magana za ta kai Tawa."

"In ka tashi kai ta, Mushe, ka kai ta da Ingilishi mai kyau," wani direba ya ce. Dariya ta sake tashi, amma wannan karon ba ita ake yi wa ba.

Mika ya miƙe. Ta ga ƙafafunsa kawai, da baƙin mai a yatsunsa. Ya daɗe bai motsa ba, har ta fara jin wuyanta na ciwo, har ta fara tunanin zai juya ya bar ta a haka.

Sai ta ji ƙwaras. Ya zare igiyar.

"Ɗago, Rahila," ya ce. "Ya isa. Ba ni rataya miki ƙashin jaki." Ya ɗaga hannu zai wurga shi bayan rumfa.

Ta cafke igiyar.

"Doka ta. Ni nik kahwa ta." Ta zura kanta ciki da hannunta.

Nauyin ya ba ta mamaki. Haƙoran suka karce ta ta cikin riga, ga wani wari na tsohon ƙashi da zufar wuyan yara. Ta dubi Furera. Da wannan abin yarinyar ta ratsa gari, ita kaɗai, don kalma ɗaya ta suɓuce mata. Rahila ta kasa haɗa ido da ita.

"Wanda ƙarhen tashi yas same shi da shi, da shi zai tahi gida," ta ce wa Mika. "Kai ni gida."

"Gidanku? Yanzu? Mutanen wancan suna can."

"Na sani. Ta babbar hanya za ka bi, kuma kar ka yi gudu."

Ya dube ta, ya share ido da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatu. Ya buga babur.

Suka ratsa kasuwa a hankali. Masu kabu-kabu suka rufa musu baya suna hon, yara na gudu a gefe. Duk wanda ke da ido a Madawa ya ga malamar Ingilishi a bayan Ɗan Legas, da muƙamuƙin jaki a ƙirji. Kanta na so ya sunkuya, tana hana shi.

"Sai yaushe za ki hidda shi?" Mika ya tambaya ba tare da ya waiwayo ba. "Sai kin kama wani?"

"Ba ni kama kowa. Daga wuyana sai rami."

A ƙofar gida dattawan gidan fasto na zaune a kan sababbin tabarmi, suna jiran ɗansu da goro. Baba Yoshuwa na tsakiyarsu yana ba da labari. Babur ya tsaya. Labarin ya tsinke a bakinsa.

Ya miƙe tsaye, ya dubi ƙashin, ya dubi taron da ya biyo su.

"Mine ne wanga a wuyanki?"

Rahila ta sauka, ta durƙusa a ƙasa gaban baƙi.

"Ka ce in ina da magana in kawo ta kahin la'asar, Baba. Ga ta na kawo."

Baba ya dubi baƙinsa, ya kau da kai. Mika ya kashe babur, ya cire hula, ya nufi jikin bangon nan inda ya saba tsayawa.

Sai labulen zaure ya motsa.

Inna Balaraba ta fito da tabarma ɗaya a hammata, wadda ta fi duka sabunta. Ba ta dubi mijinta ba. Ta ratsa ta gaban dattawan, ta warware ta a inuwa, daf da ta Baba, ta kakkaɓe ta da hannu.

"Mika," ta ce, "taso daga jikin bangon ga. Zo ka zamna."